Kwana Uku a Budapest da Rigar Gwanjo

Shekara biyu na yi ina yi wa ƙanena faɗa a waya a kan abin da ban sani ba. Shi ne autanmu, kuma har yau da gemunsa Auta muke ce masa. Ya samu tallafin karatu na gwamnatin Hangari, ya tafi garin Debrecen, wanda shi ne na biyu a girma a ƙasar. Ranar da muka raka shi filin jirgi, kowa a unguwa cewa yake yaro ya haye. To amma da zarar damina ta ɗauke a nan, kaka ta shigo, sai muryarsa ta canza. Ka kira shi da rana tsaka, ya ce yana kwance. Ka tambayi lafiyarsa, ya ce lafiya lau, sanyi ne kawai da duhu. Ni kuwa sai in hau shi da faɗa: "Kai dai daɗi ne ya yi maka yawa. Ga wuta ba a ɗaukewa, ga ruwa a famfo, kake ce mini duhu? Zo nan ka ga duhu." Sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ba za ka gane ba."

Hajiya ce ta fara tsorata. Wata rana bayan sun gama waya ta ajiye carbinta ta ce mini, "Yaron nan ba ƙalau yake ba. Ka je ka gano mini shi da idonka." Na yi dariya, don a lokacin in ban da Umara sau ɗaya ban taɓa hawa jirgi na bar Najeriya ba. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Na ɗauki adashina, na sayar da babur, Auta ya aiko da takardar gayyata, na yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja har Allah ya sa biza ta fito. Na zaɓi farkon Disamba ne don a lokacin na samu tikiti mafi sauƙi, ta Istanbul. Bayan an cire kuɗin jirgi da tsaraba, abin da ya rage a aljihuna Yuro 300 ne, na mako biyu.

Ana saura kwana huɗu in tashi Auta ya kira. Ya ce lokacin jarrabawa ya kama, yana da wata mai nauyi, idan na sauka a ɗakinsa ba zai iya karatu ba. "Yaya, ka yi haƙuri ka kwana uku a Budapest, babban birnin ƙasar, ka ga gari, sannan ka hawo jirgin ƙasa." Ya kama mini gado a wani masauki mai arha, ya hana ni ɗauko kilishi don ba a barin nama ya shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, ya ce amma kada in manta da kuka da daddawa da yaji. Sannan ya ce in nemi rigar sanyi ta gaske. Na shiga Ƙofar Wambai wajen masu gwanjo, na ɗaga wata baƙar jaket na ji ta da nauyi, na saka na ji gumi na keto mini, na ce shi ke nan, an gama. Ni da na yi hidimar ƙasa a Jos, wa zai koya mini sanyi?

Da ƙofar filin jirgin ta buɗe na taka waje, abin da na fara ji shi ne haƙorana. Iska ta shiga bakina sai na ji kamar na tauna ƙanƙara. Hunturunmu busasshe ne, yana fasa leɓe da diddige, amma da hantsi ya ɗaga sai ya sake ka. Wannan kuwa sanyi ne mai laima, yana bi ta ɗinkin riga, ya ratsa wando, ya sauka a ƙashi ya zauna. Wayata ta nuna maki 2 ƙasa da sifiri, wai kuma a wajensu wannan ba komai ba ne. Kafin motar 100E mai kai mutane tsakiyar gari ta iso, na daina jin kunnuwana gaba ɗaya. Hular da ke kaina zanna ce, wadda na ɗora don in sauka Turai da mutuncina. Na duba mutanen da ke layi, kowa ya rufe kunne da wuya da hannu, ni kaɗai ne na yi kwalliya.

Masaukin yana hawa na uku na wani tsohon bene a ɓangaren garin da ake kira Pest. Ɗaki ɗaya mutum takwas, gado a kan gado kamar makarantar kwana, Yuro 12 kowane dare. A jikin bango akwai wani ƙarfe mai kama da haƙarƙari da ruwan zafi ke bi ta cikinsa. Na jingina bayana da shi na kusan rabin awa kafin in iya cire takalmi.

A nan ne lissafin lokaci ya fara kwance mini. Na sauke jaka, na ɗan kishingiɗa da niyyar in huta kafin azahar. Da na farka na leƙa taga, sai na ga gari ya yi duhu, fitilun titi a kunne. Na yi salati, na ce barci ya cinye mini yini har dare ya raba. Na duba agogo: ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Na ɗauka agogon ne bai koma lokacin garin ba. Na buɗe manhajar lokutan salla, sai ga shi ƙuru-ƙuru: azahar wajen sha ɗaya da minti arba'in na safe, la'asar kafin ƙarfe biyu saura kwata, magariba kafin ƙarfe huɗu, lisha kafin shida. Salloli uku a cikin awa huɗu da 'yan mintoci. Rana ba ta fitowa sai kusan bakwai da rabi, kuma fitowar ma suna ce kawai, don a kwana ukun da na yi ban ga ƙwayarta ba ko sau ɗaya. Sama a rufe take da wani farin hazo mai kalar toka, haske na zuwa kamar ana auna shi da cokali. Na rama sallolina a ɗan lungun da ke tsakanin gadaje biyu, wani saurayi ɗan Brazil yana ɗage ƙafarsa don in samu wurin sujada. Bayan lisha na zauna a bakin gado, ƙarfe shida bai cika ba, ba inda za ni, ba wanda na sani, kuma asuba sai nan da kusan awa goma sha biyu. A gida wannan lokacin ne ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mai shayi na fasa ƙwai, yara na guje-guje. A nan ne maganar Auta ta fara dawo mini, amma na ture ta. Na ce gajiyar hanya ce.

Washegari na fita da ƙarfina. Na saka duk rigunan da na zo da su, huɗu a jere, na naɗa rawanin da na taho da shi a wuya da kunne, na shiga wani kanti na sayi hular ulu mafi arha. Kuɗinsu forint ne, ba Yuro ba, duk da suna cikin Tarayyar Turai. A lokacin Yuro ɗaya yana ba ka kusan forint 400, don haka ka riƙa ganin dubbai a takarda kana jin kanka Alhaji, kafin ka ankara sun zube. Na koyi kalmomi uku kafin komai: sertés alade ne, csirke kaza, marha saniya. Da su nake bin bayan kowace leda ina karantawa kamar mai neman sunansa a allon sakamako. Abincina na kwana uku bai wuce wani ɗan burodi mai lanƙwasa da suke kira kifli ba, da gwangwanin kifi, da ayaba, da ƙuli-ƙuli da dabinon da na taho da su.

Ranar ce kuma na biya kuɗin makaranta. Na sayi tikitin jirgin cikin gari a na'ura, na saka a aljihu, na hau abina. Ashe saye kaɗai bai wadatar ba, sai ka cusa shi a wani ɗan akwati ya buga masa alama. Tasha biyu muka yi sai ga masu duba tikiti. Na miƙa nawa da fara'a, har da alfahari. Matar ta juya shi gaba da baya, ta nuna mini akwatin, ta girgiza kai. Na yi bayani, na rantse baƙo ne ni jiya na sauka, na nuna fasfo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ci mutuncina ba, ba ta kuma rage ko sisi ba. A gida da an ce "a yi haƙuri, a duba Allah" da an samu mai sa baki. A nan duk taragon kowa ya kafa ido a wayarsa. Abin da na biya ya fi kuɗin gadona na kwana biyu, ta ba ni rasit. Laifina ne, ban tambaya ba, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Daga nan na wuce na sayi katin awa 72 wanda ake hawa ko'ina da shi ba adadi.

Wannan kati shi ya zama bargona. Mai kuɗi idan sanyi ya dame shi sai ya shiga gidan shan gahawa ya zauna, ko ya biya ya shiga wuraren wankan ruwan zafi da garin ya yi suna da su. Ni kuwa sai na gano cewa ɗumi mafi arha a Budapest yana cikin tiram, wato ɗan jirgin lantarki mai bin tsakiyar titi. In yi tafiyar minti ashirin a ƙasa, yatsun ƙafa su mutu, in faɗa tiram in zauna har ƙarshen layi, in dawo. Mai lamba 2, rawaya, shi ne ke bin gaɓar kogin Danube ta ɓangaren Pest, kuma ta tagarsa na ga yawancin abin da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su gani. Kogin faffaɗa ne, ruwansa kalar dalma, ya tuna mini da Kwara a Lakwaja sai dai babu masunta babu kwalekwale. Shi ya raba garin biyu: Buda mai tuddai da fadar sarakuna a can ƙetare, Pest shimfiɗaɗɗiya a nan. Garuruwa ne daban-daban har zuwa 1873 da aka haɗe su da Óbuda suka zama ɗaya. Na ga gadar sarƙa mai zakuna na dutse, wadda aka buɗe a 1849. Na ga majalisar dokokinsu, ginin da ya fi kama da zanen lalle saboda yawan tsinaye da ƙawa, tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙololuwa mita 96. Na hau tsohon jirgin ƙarƙashin ƙasa na 1896, ƙarami kamar na wasan yara, na lissafa na ga ya girmi zuwan Turawa Kano da shekara bakwai. Duk sun yi kyau, ba na musu. Amma gaskiya ita ce rabin hankalina na kan ginin, rabi na kan yatsuna.

Kusa da majalisar na sauka don na hango mutane sun taru a bakin ruwa. Takalma ne na ƙarfe, ƙafa 60, an kafe su a kan dakalin gaɓa: na maza, na mata masu tsini, har da na yara ƙanana. An yi su a 2005 don tunawa da Yahudawan da 'yan bindigar jam'iyyar da ke mulki a lokacin suka harbe a wurin a hunturun 1944 zuwa 1945. Sai an sa su sun tuɓe takalma tukuna, don takalmi kaya ne mai daraja a lokacin yaƙi, sannan a harbe su ruwa ya tafi da su. Wani ya saka 'yan duwatsu a cikin wani takalmin yaro, wani ya ajiye kyandir da iska ta kashe. Ina tsaye da safa biyu da takalmin fata ina jin kamar ƙafata za ta gutsure, na yi tunanin mutum a tsaye a kan wannan dutse ba takalmi a wata irin wannan. Ban iya ɗaukar hoto ba.

Da yamma, wato ƙarfe uku da rabi, na bi haske da hayaniya har dandalin Vörösmarty inda suke kasuwar Kirsimeti. Rumfunan katako, fitilu kamar taurari, hayaƙi na tashi ko'ina. Wani ƙamshi ya ja ni, na kirfa da kanumfari da ɓawon lemo, sak shayin da ake dafawa a gidan biki. Na ga mutane riƙe da kofuna suna hurawa, na shiga layi ina murna. Allah ya taimake ni na tambayi mai sayarwa ko shayi ne. Ya yi dariya ya ce giya ce ake dafawa da kayan ƙamshi. Na fice daga layin da sauri kamar wanda ya taka wuta. Na ƙare da wani abu da suke kira lángos, kamar fankenmu ne amma faffaɗa kamar faifai, an shafa masa tafarnuwa da wani abu mai tsami kamar kindirmo. Sai da na tabbatar da man gyaɗa ko na wata shuka aka soya shi, ba kitse ba, sannan na ci a tsaye, ina ƙona baki ina godiya.

A hanyar komawa na bi ta wata hanyar ƙarƙashin titi, irin wadda ake tsallaka manyan mahaɗa da ita. A nan na ga abin da ba a saka mana a hotunan Turai. Dattijo Bature, fari sol, gemu ya yi datti, yana kwance a kan kwali ya lulluɓa da barguna biyu, karensa a jikinsa suna ɗumama juna. Mutane na wucewa ta gefensa ba mai ko waiwaye. Ba shi kaɗai ba ne, na ƙirga huɗu a wurin. Mu ma muna da masu kwana a titi, har sun fi nasu yawa, ba zan yi ƙarya ba. Amma namu ba ya tsoron dare ya daskarar da shi. Na tsaya ina juya 'yan canjin da ke aljihuna, ni da aka ci tara da safe, na ajiye masa kifli biyu da dabino bakwai. Ya ɗauki dabino ɗaya ya jujjuya shi, ya dube ni, ya ce wani abu da ban ji ba. Shi ne mutum na farko da ya kalli idona tun da na sauka garin.

Wannan rashin kallon ido shi ya fi ci mini rai, fiye da sanyin. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ture ni. Da na ɓata hanya wata yarinya ta buɗe taswira a wayarta ta nuna mini da kyau. Amma ka shiga tarago cike da mutane ka ji shiru kamar gidan makoki. Sau biyu bakina ya suɓuce na yi sallama a ƙofar shago. Na lissafa a daren nan, tun safe kalmomin da na furta da wani ɗan Adam ba su kai talatin ba, kuma rabinsu roƙon mai duba tikiti ne.

A rana ta uku na haura Buda neman wani wuri da Auta ya ce kada in bari ban je ba. Turkawan Daular Usmaniyya sun riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, shekara 145, kuma sun bar sawu: gidajen wanka masu ƙubba irin su Rudas, da kabarin wani bawan Allah da ake kira Gül Baba, wanda ya rasu a shekarar da suka ci garin. Daga kusa da gadar Margit ake hawa, ta wata siririyar hanya mai duwatsu da ta miƙe tsaye kamar hawan Dala. Da daddare an ɗan yi dusar ƙanƙara, ta narke, ta sake daskarewa. Takalmina na zuwa ɗaurin aure ne, ƙasansa sumul. Taku uku gaba, ɗaya baya, a karo na biyu na zauna daɓas a kan duwawuna. Wata tsohuwa da ke saukowa da jakar cefane ta tsaya a kaina tana ta magana da harshensu, tana nuna takalmina, tana nuna hannuwana da ba safa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san faɗa ne, don sak muryar Hajiya ce idan na fita ba hula. Ta nuna mini in riƙa bin gefen bango inda aka watsa gishiri, ta wuce tana ci gaba da mita. Wallahi faɗan nan ya yi mini daɗi.

Kabarin ɗan ƙaramin gini ne mai kusurwa takwas da ƙubba, da jinjirin wata a samansa. Gwamnatocin Hangari da Turkiyya sun gyara wurin, aka sake buɗe shi a 2018, kuma shiga kyauta ne, abin da ya fi dacewa da aljihuna. An shuka furannin wardi a kewaye, amma a Disamba sanduna ne kawai masu ƙaya. Ba kowa sai ni da mai gadi. Ɗaya daga cikin titunan da ke wurin sunansa Mecset, wato masallaci. Na yi wa mamacin addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi, na tsaya a kan dakali ina kallon kogin da rufin gidaje a cikin hazo. Lokacin azahar ya shiga, sha biyu ba ta yi ba. Ba ladan, ba lasifika, sai wayata da ta ɗan girgiza a aljihu. Na shimfiɗa jaket ɗin gwanjon a wani lungu da iska ba ta kaiwa, na yi salla ina rawar ɗari. Ina sallamewa na ji hawaye, kuma ba zan ce duka na sanyi ba ne. Yaron da ya tashi a gida mai mutum goma sha bakwai, wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba, ya yi hunturu biyu a cikin wannan shiru, yana fita aji cikin duhu ya dawo cikin duhu, ya kira yayansa ya faɗa masa, yayan ya ce daɗi ne ya yi masa yawa.

Da na sauko na kira Hajiya. Ta ce, "Ka gan shi?" Na ce tukuna, sai gobe. Ta ce to me ya sami muryarka? Na ce mura ce.

Washegari na hau jirgin ƙasa a tashar Nyugati, wadda kamfanin Eiffel, mai hasumiyar nan ta Faris, ya gina rufinta na ƙarfe da gilashi a 1877. Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa Debrecen, a cikin fili shimfiɗaɗɗe, gonaki duk sun yi fari, bishiyoyi tsirara. Na duba aljihu, Yuro 170 da 'yan forint suka rage. Muna isa na hango shi a bakin dandamali, ya rame, ya naɗe cikin wata ƙatuwar riga har gwiwa. Na yi tanadin maganganu da yawa a hanya, na neman afuwa, duk suka gudu. Shi ma bai ce komai ba da farko. Ya kama hannun jaket ɗina ya murza yadin da yatsa biyu, ya dubi takalmina, sai ya fashe da dariyar da na shekara biyu ban ji ba.

"Yaya, da wannan ka yi kwana uku?"

Na ce da ita.

Ya cire safar hannunsa ya miƙo mini, ya ɗauki jakar ya jinjina nauyinta. "Kukar tana ciki?"